Gladwin, sikila da hawan jinin huhu: tasiri ne ko yawan lamba?

"Assalamu alaikum Malam. Ina residensi ne a ɓangaren cututtukan ciki, an ba ni semina kan hawan jinin huhu a masu sikila. Duk takardar da na buɗe sai na ga sunan Mark Gladwin, na duba Google Scholar na ga an ambace shi sau dubbai. Amma wani siniya ɗina ya ce min wai zuzutawa ce kawai, Faransawa sun ƙaryata shi tun 2011, maganin da suka gwada ma cutar da mutane ya yi. To ni yanzu na rasa wanne zan kama. Mutumin nan ya yi tasiri ne da gaske ko kuwa yawan lamba ne kawai?"

Wa'alaikumus salam Dakta, Allah ya ba da sa'ar semina. In na fahimce ki tambaya biyu ce kika haɗa waje guda, ta farko shin abin da Gladwin ya faɗa kan masu sikila gaskiya ne, ta biyu kuma da me ake auna tasirin mai bincike in ba lambar da ke kan Google Scholar ba. Siniyan naki bai yi ƙarya ba, abubuwa biyun da ya faɗa duk sun faru, amma ya tsaya a rabin labarin, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar marasa lafiyar da ni da ke muke gani a kilinik.

Bari in fara da ita cutar a taƙaice saboda masu karatu da ba likitoci ba. Hawan jinin huhu daban yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. Ɓangaren dama na zuciya ne ke tura jini zuwa huhu, kuma a lafiyayyen mutum matsakaicin matsin da ke jijiyar huhu bai wuce wajen 14 ba a ma'aunin mmHg. Shekara da shekaru ana cewa in ya kai 25 cuta ce, sai a taron duniya na 2018 a birnin Nis na Faransa aka kawo shawarar a sauko da shi zuwa sama da 20, ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka ɗauki hakan a ƙa'idojinsu na 2022. Ɓangaren dama ba a halicce shi don turin nauyi ba, kamar ƙaramin injin ban ruwa ne da aka haɗa da tiyon da ya tsuke, zai yi ta gurnani na wani lokaci sannan ya gaji. Daga nan sai haki, kumburin ƙafa, jiri, wani lokaci faɗuwa.

Abin da ya faru a 2004

Kafin shekarar nan an san mai sikila kan iya samun wannan matsala, akwai rahotanni nan da can, amma babu wanda ya ɗauke ta wani babban abu, hankalin kowa na kan ciwon ƙashi da ciwon ƙirji da shanyewar ɓarin jiki. Gladwin, likitan huhu ɗan Amurka, a lokacin yana cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, a Bethesda. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki manya 195 masu sikila suka yi musu eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti, suka auna saurin jinin da ke komawa baya ta bawul ɗin dama na zuciya, wannan saurin ne muke kira TRV. Suka samu kashi 32 cikin 100 saurin ya kai mita 2.5 a daƙiƙa ko fiye, kuma da suka bi su suka ga haɗarin mutuwar waɗannan ya ninka na sauran kusan sau 10. An buga wannan a New England Journal of Medicine a 2004.

Kuma ba lamba kaɗai ya kawo ba, ya zo da bayanin dalili, shi ne ma ya sa maganar ta kama wuta. Jar ƙwayar jinin lafiyayyen mutum takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. In ta fashe cikin jijiya himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikinta, ya fito fili, shi kuma yana cinye wani sinadari da bangon jijiya ke fitarwa don jijiyar ta saki, wato naitirik okzayid, sinadarin da aka ba mutum uku kyautar Nobel a kansa a 1998. Rukunin Gladwin sun nuna wannan cinyewar a jinin masu sikila a wata takarda ta Nature Medicine a 2002, a 2003 kuma suka nuna cewa naitirait, wani sinadari da ke cikin jini, na iya komawa naitirik okzayid ya buɗe jijiya inda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Daga baya shi da Gregory Kato da Martin Steinberg suka ce a raba matsalolin sikila gida biyu, waɗanda ke zuwa daga toshewar jijiya irin su ciwon ƙashi, da waɗanda ke zuwa daga fashewar jini irin su hawan jinin huhu, gyambon ƙafa da miƙewar gaba da ba ta kwantawa. Duk wanda ya daɗe a kilinik ɗin sikila ya san wannan mara lafiyar, saurayi siriri ido rawaya, gyambo a idon sawu an naɗe da bandeji, jininsa kullum a ƙasa, amma sai ya ce miki shi ai bai cika kwanciya asibiti don ciwo ba. Da ana ganin irinsa a matsayin mai sauƙin cuta. Bayan aikin nan ne aka fara kallonsa da tsoro.

Inda siniyanki ya yi gaskiya

Eko ƙiyasi yake yi, ba awo ba. Ana ɗaukar saurin nan a ninka shi da kansa a ninka da 4, sai a ƙara matsin ɗakin sama na dama, shi ne a ce ga matsin huhu. To mai sikila jininsa kaɗan ne, zuciyarsa na tura jini da yawa don cike giɓi, wannan kaɗai zai iya ɗaga saurin ba tare da jijiyoyin huhu sun tsuke ba. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, a zura katita, wato siririn tiyo, ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin jijiyar huhu a auna kai tsaye.

A 2010 Franklin Bunn na Harvard da wasu manyan masana jini suka rubuta suka mai zafi a mujallar Blood, suka ce an kambama yawan cutar kuma hujjar naitirik okzayid ba ta kai yadda ake yayata ta ba. Su Gladwin suka mayar da martani a mujallar. Sai 2011 Florence Parent da rukunin Faransa suka buga nasu a New England ɗin dai, mutum 398, kashi 27 saurinsu ya kai 2.5, amma da aka yi musu katita kashi 6 ne kawai na dukkan mutanen ke da hawan jinin huhu na haƙiƙa. Wato cikin mutum huɗu da eko ya nuna, ɗaya ne mai cutar. Kuma cikin 24 ɗin da aka tabbatar, 13 matsalarsu daga ɓangaren hagu na zuciya take, ba tsukewar jijiyar huhu ba. Wani binciken a Brazil kan mutum 80 ya samu kashi 10, ita kanta NIH da ta tara nata sakamakon katita ta samu kusan 10 ɗin. To daga 32 an dawo 6 zuwa 10, wannan ba ƙaramin gyara ba ne.

Maganar magani kuma ta fi ciwo. Sildenafil, wanda kowa ya sani da Viagra, an amince da shi a 2005 don wani nau'in hawan jinin huhu, kuma a hankalce ya dace tunda ƙarfafa aikin naitirik okzayid yake yi. Aka shirya gwaji mai suna Walk-PHaSST a Amurka da Ingila kan masu sikila da saurinsu ya kai 2.7. A watan Yulin 2009 aka dakatar da shi bayan an shigar da mutum 74 kacal, saboda kashi 45 na masu shan maganin sun samu matsala mai tsanani, yawanci ciwon da ya kai su kwanciya asibiti, alhali a masu shan ƙwayar da babu magani a ciki kashi 22 ne. Wani gwajin kuma na shaƙa wa masu ciwon sikila iskar naitirik okzayid, mutum 150, aka buga a mujallar JAMA a 2011, bai rage tsawon ciwon ba. Har a rabe-raben cutar abin ya taɓa, taron duniya na 2008 ya saka cututtukan fashewar jini a rukuni na 1, na masu tsukewar jijiyar huhu, taron 2013 ya kwashe su ya kai rukuni na 5, rukunin masu dalilai barkatai.

Inda ya tsaya bai ƙarasa ba

Abu ɗaya bai rushe ba duk da wannan guguwar, shi ne mai sikila da TRV ɗinsa ya hau yana cikin haɗarin mutuwa fiye da ɗan uwansa. An sake ganin haka a wurare daban-daban, kuma a binciken Faransawan ma waɗanda aka tabbatar da cutarsu da katita sun fi mutuwa. Abin da aka gyara shi ne sunan da aka laƙaba wa alamar, da an ce duk hawan jinin huhu ne, yanzu mun san wani hawan jinin huhun ne, wani zuciyar hagu ce ta ƙage, wani ƙoda ce ta fara lalacewa, wani tsananin ƙarancin jini ne, amma dukkansu mutane ne da jikinsu ya fara gazawa. A 2014 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji, ta ce TRV na 2.5, ko gwajin jinin da ke nuna wahalar zuciya, NT-proBNP, na 160 zuwa sama, ko cutar da aka tabbatar da katita, duk alamun haɗari ne, a ba irin waɗannan maganin sikila haidiroksiyuriya, kuma kar a ba kowa maganin hawan jinin huhu bisa eko kaɗai. A 2019 ƙungiyar masana jini ta Amurka ta ba da shawarar kar a riƙa yi wa marasa alama eko haka kawai. Ƙungiyoyin biyu ba bakinsu ɗaya ba a kan tantancewa, kuma gardamar dalilin, wato nawa ne rabon naitirik okzayid nawa ne na sauran abubuwa, har yau masana sinadarai ba su rufe ta ba, ni kuma likitan zuciya ne, daga gefen gado nake kallonta.

Ki lura da wani abu da nake so ki faɗa a seminar. Binciken Faransa da ake cewa ya ƙaryata shi, ba don takardar 2004 ba da babu wanda zai nemi kuɗi ya yi wa mutum kusan 100 masu sikila katita. Gwajin sildenafil ɗin kuma su Gladwin da Roberto Machado ne da kansu suka jagorance shi, su ne kuma suka buga mummunan sakamakon a Blood a 2011, ba su ɓoye ba. A wajena wannan na cikin aikinsa mafi amfani gare mu, don a nan sildenafil kowane kemis akwai shi, da ba a yi gwajin nan ba da yau ana rubuta wa dubban masu sikila shi bisa rahoton eko ɗaya. Har yanzu ma nakan ga an turo min mara lafiya da shi a cikin leda, in tambaya wa ya rubuta, a ce ai an yi hoto an ce huhu ya hau. Abin na ɓata min rai matuƙa, saboda amsar tana nan a rubuce tun 2011.

To lambobin fa?

Ma'aunin h wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005, in an ce naka 20 ne to kana da takardu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Na Gladwin ya haura 100, babu shakka wannan adadi ne na manya. Amma lambar ba ta san yabo da suka ba, Bunn da ya rubuta don ya rushe maganar ai sai da ya ambaci takardun, ambaton nan ya shiga lissafi kamar na mai goyon baya. Ba ta raguwa ko da an gano kuskure. Takardun bita, masu tattara binciken wasu, sun fi jan ambato fiye da binciken asali, mutum in ya zama shugaban babban sashe sunansa na shiga takardun da yaransa suka yi, kuma Google Scholar ya fi Scopus, wani shafin ƙirga ambaton, kwashe-kwashe shi ya sa lambarsa kullum ta fi girma. Masu bincike da editoci da kansu sun fitar da sanarwar San Faransisko da aka tsara a 2012 suna cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Mu a nan kuwa kin san yadda ake yi lokacin ƙarin girma, a ƙirga takardu a ba da maki, da wuya a samu wanda ya zauna ya karanta ko guda.

Ni in zan auna mutum, ina neman takardun da yake na farko ko na ƙarshe a jerin sunaye in karanta uku ko huɗu da kaina, sannan in bi su gaba in ga da wasu da ba yaransa ba suka gwada me ya rage a tsaye. Sai in duba ko abin ya shiga ƙa'idojin aiki ya canja abin da likita ke yi ranar kilinik, da kuma mutanen da ya horar ko sun tsaya da ƙafarsu. Muƙami ba hujja ba ce amma yana nuna yadda takwarorinsa ke kallonsa, ya koma Jami'ar Pittsburgh a 2008, a 2022 kuma ya zama shugaban makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Maryland a Baltimore. In kika bi wannan hanyar za ki ga alamar haɗarin ta tsaya, adadin ya ragu sosai, maganin ya faɗi, bayanin dalilin kuma ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mai bincike da ya samu haka cikin shekara 20 ya yi tasiri babba, ban da wata tantama a kan wannan.

Namu rabon

Akwai abin da ya kamata ki saka a silaid ɗinki wanda da yawa ba su sani ba, aikin ya zo har Zariya. A 2008 Zakari Aliyu da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da su Gladwin da Kato da Victor Gordeuk, suka buga bincike kan masu sikila 208 da lafiyayyu 94, suka samu TRV na 2.5 zuwa sama a kashi 25 na masu sikila, kashi 7 a lafiyayyun. Eko ne shi ma, don haka duk abin da Faransawa suka gano game da kambamawar eko ya hau kansa, ki faɗi hakan kafin wani ya faɗa miki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa, amma kusan duk abin da muka sani na katita a wannan cuta daga Paris da Bethesda da Sao Paulo ya fito. Mutanensu sun fi namu shekaru, sun fi samun ƙarin jini da haidiroksiyuriya, babu zazzaɓin cizon sauro a kansu, da yawa cikin namu kuma ba sa kaiwa shekarun da cutar ke bayyana.

Kar kuma sikila ta rufe miki ido. Rajistar PAPUCO da aka buga a 2016, mutum 220 daga Kamaru, Mozambik, Najeriya da Afirka ta Kudu, wadda Farfesa Mahmoud Sani na Kano yana cikin waɗanda suka yi ta, ta nuna kashi 69 na masu hawan jinin huhu a cikinta daga ciwon zuciyar hagu ne. Wato in mai haki ya shigo miki, hawan jini na dantse da ya cinye zuciya, lalacewar bawul da ciwon zuciyar bayan haihuwa sun fi kusa da zama dalili.

Yadda nake yi a ɗakin eko kuwa, ba na auna mai sikila yana cikin ciwo ko zazzaɓi, saurin kan hau a lokacin, sai ya warware da wasu makonni. Ina kwantar da shi ta gefen hagu in nemi jinin da ke komawa ta kusurwa fiye da ɗaya, in zanen da ke kan allo bai fito da baki mai kyau ba gara in rubuta ba a iya aunawa ba da in ƙago lamba, don bambancin 2.4 da 2.6 ɗan karkata hannu ne kawai. Ina duba girman ɓangaren dama da yadda yake matsawa, in duba na hagu, in tambaye shi ko yana iya hawa bene ko tafiya masallaci ba tare da tsayawa ba, in sa a zagaya da shi baranda na minti 6 a auna nisan. In saurin tsakanin 2.5 da 2.8 ne babu alama, sai mu gyara abin da za mu iya, haidiroksiyuriya, duba ƙoda da fitsari, oksijin, a sake awo nan gaba. In ya kai wajen 3 ko akwai haki da kumburi, to wannan mai katita ne, kuma a nan ne muke cin karo da bango, wuraren da ke yi kaɗan ne, kuɗin kuma ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Duk da haka rashin katita ba lasisin rubuta sildenafil ba ne.

A seminar ki jera shekarun kamar yadda suka zo, 2002, 2004, 2008, 2009, 2011, 2014, ki bar mutane su ga yadda magana ta tashi aka gwada ta aka rage ta, ki ba siniyanki haƙƙinsa a kan 2009 da 2011 a gaban kowa. In kuma lokacin zaɓar maudu'in disateshan ɗinki, wato binciken kammala karatu, ya zo, don Allah kar ki sake yin wani "yawan hawan jinin huhu a masu sikila ta hanyar eko", an yi shi a asibitoci da yawa a ƙasar nan. Ki ɗauki waɗanda aka riga aka yi wa eko, ki karɓi lambar waya biyu ko uku daga kowanne har da ta uwa ko ta ɗan uwa, ki bi su shekara ɗaya ko biyu ki rubuta wa ya kwanta asibiti, wa ya rasu, da wane TRV ya fara. In kin tsara furofozal ɗin ki turo min in duba miki.